Jirgin Harawa na Kofur Daudu

A shekarun da sojojin da aka kai gabas suka dawo gida, an yi wani mutum a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, ana kiransa Kofur Daudu. Shi ya ba kansa kofur ɗin a hanyar dawowa, tsakanin Kano da Kazaure, ba kuwa wanda ya tsaya neman shaida. Gaskiyar magana, ranar da jirginsu ya isa ƙasar Indiya yaƙi ya riga ya ƙare. Abin da ya tarar sai alfadarai masu bukatar wanka da wani sito mai bukatar gadi. Su ya yi ta fama da su har aka sami jirgin da zai maido su gida. Amma a bakin Daudu, abokan gaba ne suka ji labarin wani ɗan Roni na tafe, suka zubar da makamai tun yana tsakiyar teku.

Kullum bayan la'asar yakan sa tsohon kakinsa, ya zauna a gindin tsamiya, ya buɗe baki. Ya ga ƙasar da ake ruwa wata da watanni ba a ɗauke ba. Ya ga kogin da in mutum ya shiga jirgi da sabon aski, sai ya sauka da gemu. Ya ga giwa mai ɗaukar gungume da hanci, wadda in ta hango shi takan ajiye gungumen ta durƙusa ta gaishe shi.

Baba Kura, tsohon da ke haye da mutane kogin ƙauyen a cikin masaki, wato ƙatuwar ƙwarya, shi ne ba ya barin labari ya wuce lafiya. Wata rana ya ce masa, "Daudu, jiya ka ce giwar nan ta kai bukka. Yau kuma ta kai tsamiya."

"Ai ci take yi, Baba," in ji Daudu, ya ci gaba.

Mutum ɗaya ce in ta zo wucewa giwar take raguwa. Tasalla ce, bazawara, wadda ta fita takaba ta koma gidan mahaifiyarta Inno, tana kiwon raguna biyu. In ta biyo ta gindin tsamiyar da tulu a ka, sai muryar Daudu ta yi ƙasa, ya rasa inda ya tsaya. Sau ɗaya suka haɗu su biyu a hanyar rijiya, ya so ya ba ta labarin teku, sai bakinsa ya kama wata hanya. Ya ce mata a can, in gari ya waye yana tsaye a ƙofar sito, abin da kunnensa ke nema shi ne ƙarar daka, amma ba ya jin komai sai ruwa a kan kwano. Daga ranar, tafiyar Tasalla takan yi sanyi in ta zo daidai tsamiya.

Da wannan ƙarfin gwiwar Daudu ya je ya durƙusa a gaban Inno, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Inno tana kaɗi, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce masa bakinsa dai ta daɗe da saninsa, don ta saman danga yake shigo mata, amma hannunsa ne ba su taɓa gaisawa ba. Ta ce ita abin da ya dame ta yanzu raguna ne. Ga babbar salla ta matso, kogi ya cika ya batse, masu sayen raguna suna Kazaure, masakin Baba Kura kuwa mutum ɗaya da ƙunshinsa yake ɗauka, ba ragon da aka yi shekara ana turkewa ba.

Daudu ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce wannan ɗan ruwan a can ko alwala ba a yi da irinsa. Da idonsa ya ga soja sun haɗa jirgi da gangunan ƙarfe da tamfol da busasshiyar ciyawa, sun haye da alfadarai ko kofatonsu bai jiƙe ba. Daga ya gani sai ya koma ya taya, kafin ya rufe baki kuma shi ne ya koya musu.

Inno ta ajiye mazari. Ta ce, "To, Kofur. Ka haye da Tasalla da ragunanta, ƙafarta a bushe, ka kawo goro. In ta jiƙe, ka canza hanyar rijiya."

Daudu ya miƙe ya ƙame ya sara mata, kansa ya bugi rumfa.

Washegari ya fara neman kayan aiki. Gangunan ƙarfe babu su a ƙauyen, sai ya ce tulu ai ƙanen ganga ne. Ya bi gida gida yana roƙon mata aro, yana alkawarin duk wadda tulunta ya yi aikin soja za ta riƙa haye kogi kyauta har ƙarshen rayuwarta. Maƙwabciyarsa Shatu ta ba shi nata da kyar. Ta gaya masa tulun tun na aurenta ne, yana da ɗan tabo a wuya, in ya sami tabo na biyu, to ita da Daudu ne. Ya toshe bakin kowane tulu da tsumma ya shafe da laka. Tamfol babu, sai ya ce tabarma ta fi shi, don tana shan iska. Igiya kuwa ya murza ta rama.

Saura busasshiyar ciyawa. A tsakiyar damina ko ina ya duba kore ne shar. Ya zagaya gari ya dawo, sai ya tuna da rumbunsa. A ciki akwai harawar bara, wadda yake ɓoyo don jakin da yake niyyar saye. Ya fito da ita dami dami, busasshiya ƙamas, ƙanshinta ya cika gida. Ya shimfiɗa ta a kan tuluna, ya ɗaure tam, ya rufa tabarmi, ya hau ya yi tsalle. Ya ce ko Baturen da ke kula da su a can bai taɓa taka jirgi mai laushin wannan ba.

Duk aikin nan a tsakar gidansa ya yi shi, ƙofa a rufe, don a cewarsa sirrin soja ba a shanya shi a waje. Tsakanin aiki kuma yakan je gidan Inno ya horar da raguna. Ya ce dabbar da ba ta san fareti ba ba ta shiga jirgi. Babban ragon, mai baƙi a ido kamar ya sa tozali, ya naɗa shi samanja. Baba Kura da ke leƙe ta danga ya tambaye shi ashe ba samanja ke gaba da kofur ba. Daudu ya ce wannan magana ce ta cikin bariki, farar hula ba zai gane ba. Ya juya baya ya busa usur don ya nuna yadda ake tafiya, samanja ya ja da baya ya ɗauke shi ya zuba a cikin kwatarniyar dusa. Tasalla ta shige ɗaki da sauri, ana jin dariyarta ta cikin asabari.

Ranar kasuwa da hantsi, gari duka ya taru a ƙofar gidan Daudu. Har mai unguwa ya zo da buzunsa. Aka buɗe ƙofa, majiya ƙarfi suka ɗaga jirgi, suka nufi zaure. Jirgin ya fi ƙofar zaure faɗi. Aka karkata shi, tuluna suka fara kuka, mata suka fara salati. Aka mayar da shi aka ajiye.

Daudu ya ce dama ya san da haka, soja ba ya fita ta inda ake tsammaninsa. Ya sa aka kwance dangar da ke tsakaninsa da gidan Shatu. Dangar na faɗuwa sai ga mijin Shatu a tsugune a bayanta, kansa duk kumfar sabulun salo, yana lalubar buta. Ya buɗe ido ɗaya ya ga jama'a da mai unguwa da wani abu mai ƙafafun tulu yana nufo shi, ya suri zanen matarsa daga igiya ya yi ɗaki. Daudu ya bi bayansa da sallama. Aka ratsa gidan, aka tattake yakuwar Shatu, aka kwance dangar waje ita ma, aka fita.

A bakin kogi ruwa yana tafiya ja wur, yana ɗauke da rassa. Makiyaya da ke ɗaya gaɓar suka tsayar da shanu don kallo. Baba Kura ya jingina da masakinsa, ya sunsuna iska, ya tambayi Daudu ko jirgin ne ke ƙanshin nan ko kuwa wani ya buɗe rumbu.

"Ƙanshin sabon jirgi ke nan, Baba. Kai da ba ka taɓa hawa ba ina za ka sani?"

"Haka ne. To ka karya kumallo?"

"Soja ba ya ci kafin aiki."

"Samanja fa?"

Daudu ya ce shi ma tun jiya ya hana a ba ragunan komai, don kada su yi nauyi. Baba Kura ya gyaɗa kai, ya tafi ya kwance igiyar masakinsa.

Abin mamaki, da aka tura jirgin cikin ruwa sai ya tsaya a sama. Jama'a suka ɗauki sowa. Shatu ta fara gaya wa na kusa da ita cewa wancan tulun na gaba nata ne. Daudu ya hau ya yi jawabi mai tsawo a kan teku da alfadarai, har mai unguwa ya tuna masa kasuwa tana tashi. Aka kife turmi a tsakiyar jirgi. Tasalla ta fito cikin zanen saƙi mai shuni, aka ɗaga ta aka ɗora a kai, ta naɗe ƙafafunta da suka sha lalle a kan turmin. Daudu ya tsinko furen kabewa ya soke a gefen tabarma kusa da ita, ya ce haka ake yi wa manyan mata a can. Aka jawo raguna, ɗaya dama ɗaya hagu, aka ɗaure. Kafin a gama ɗaurin samanja ya cinye furen.

Daudu ya busa usur, ya kafa dogon sanda, ya tura. Jirgi ya rabu da gaɓa yana rangaji kamar amarya. Ya juya ya sara wa Inno, ya sara wa mai unguwa, ya sara wa makiyaya da shanunsu.

A bayansa samanja ya sa hanci a ƙarƙashin tabarma. Ya ɗaga ta, ya ja wata ƙatuwar loma. Ƙaramin ragon ya ga abin da babba ke yi, ya buɗe nasa ɓangaren.

"Kofur," in ji Tasalla, "suna cin jirgin."

Daudu ya ce ɗanɗanawa suke yi, alfadarai ma haka suke yi. Ya daka musu tsawa irin ta bariki, ya ce su ƙame. Ragunan da suka kwana da yunwa suka tarar da harawar bara a tsakiyar damina, ko kunne ba su kaɗa ba. Ya saki sanda da hannu ɗaya don ya kama ƙahon samanja. Sandan ya kafe a laka, jirgi ya wuce, aka bar shi a tsaye a tsakiyar ruwa shi kaɗai.

Daga gaɓa Baba Kura ya ɗaga murya ya tambaya ko a can ma haka ake barin sanda gadi. Daudu ya amsa cewa alama ce ya kafa don dawowa.

Jirgi ya fara juyi. Wanda ke gaɓa sai ya ga fuskar Daudu, ya ga ƙeyarsa, ya ga gindin rago, ya sake ganin fuskar Daudu. Ya cire takalminsa na soja yana tuƙi da shi. Ƙaramin ragon ya gama da harawar gefensa ya kai ga igiyar rama, ya tarar ita ma ba laifi. Igiya ta tsinke, tulu na farko ya sulale daga ƙarƙashi, ya fito fili, ya kama hanyarsa.

Wata mata da ake kira Rahamatu ta gane shi. Ta ce nata ne, ta bi gaɓa da gudu tana kiransa kamar ɗan akuya. Na biyu ya fito, na uku ya biyo shi. Kan ka ce me, matan gari duka suna gudu a bakin kogi, zannuwa a ɗage, kowace tana nuna nata. Waɗanda ba su kuɓuce ba kuwa, lakar bakinsu ta jiƙe ta narke, suka fara shan ruwa suna ɓulɓul, kowanne da irin muryarsa.

Daudu ya gaya wa Tasalla kada ta damu, rage nauyi ake yi. Ta tambaye shi wane ne ke ragewa. Ya ce tsarin ne haka. Ta ƙara naɗe ƙafafunta, ta ce to ya gaya wa tsarin ruwa ya kai gindin turmi.

Dami ɗaya ya rage a tsakiya, daidai ƙarƙashin ƙafar Daudu. Ragunan biyu suka hango shi lokaci guda. Igiyoyinsu sun riga sun zama abinci. Kowanne ya ja da baya iyakar inda jirgi ya ƙare, ya sunkuyar da kai. Daudu ya tsaya a tsakaninsu ya ɗaga hannu, ya fara ba su umarni da sunan Sarkin Ingila. Ya yi tsalle a kan kari, kawunan suka haɗu a ƙarƙashinsa, ƙarar ta kai har gaɓa. Da ya sauko babu jirgin da zai sauka a kai. Tabarmi suka yi gabas, guntayen harawa suka yi yamma, turmi ya juye.

Ragunan suka juya, cikinsu fam, suka yi iyo suka koma gaɓar da suka fito, suka girgije jiki a gaban mai unguwa.

A tsakiyar ruwa kuwa kawuna biyu ne suke ɓullowa suna nutsewa, da tulu ɗaya mai tabo a wuya yana yawo a tsakaninsu. Daudu ne ya fara cafke shi. A nan ne ta bayyana cewa mutumin da ya ƙetare teku bai iya iyo ba ko na taku ɗaya. Ya rungume tulun kamar uwarsa, idanunsa sun firfito. Sai ya hangi zane mai shuni yana nitsewa a gefensa. Ya dubi tulun, ya dube ta, ya tura mata shi da dukkan ƙarfinsa, ya tafi ƙasa da usur a baki.

Tasalla a bakin kogin nan aka haife ta, zanen ne kawai ya naɗe mata ƙafa. Ta riƙe wuyan tulun da hannu ɗaya, ta warware ƙafarta, ta lalubo da ɗaya hannun ta damƙo ɗamarar kakin Daudu. Ruwa ya yi ta jansu har wata kwana inda yashi ya taru, Baba Kura ya tare su da masaki, aka fito da su a gaɓar ƙauyensu, can ƙasa da inda suka tashi.

Jama'a suka iso suna haki. Aka kwantar da Daudu rub da ciki, mijin Shatu ya hau bayansa yana dannawa, da alama har da na danga yake ramawa. Ruwa ya fito, wani ɗan ƙaramin kifi ya biyo baya. Shatu ta ƙwace tulunta tana juya shi tana duba wuyansa. Matan da tulunansu suka wuce suka kewaye mai unguwa, kowace tana magana. Mai unguwa ya yanke cewa har a gasa sababbin tuluna, Kofur ne zai riƙa ɗebo wa kowane gida ruwa, tunda ya nuna ya saba da shi.

Sai Inno ta iso, tana dogara sanda, jama'a suka buɗa mata. Ta dubi Daudu da ke kwance, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ta dubi ɗiyarta tun daga ɗankwali har ƙasa, shuni yana zuba daga zanen yana rina yashi.

"Tasalla, ƙafarki a jiƙe take."

"A jiƙe take, Inno."

"Ragunan ma ga su can, ko Kazaure ba su hango ba. To magana ta ƙare."

Daudu ya rufe ido.

Tasalla ta matse bakin zanenta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Inno, tulu ɗaya ya rage a ruwan nan. Yana hannunsa, bai iya iyo ba, ni ya tura wa."

Inno ta juya ta dubi Baba Kura. Tsohon ya ce shi ma ya gani, kuma tun da yake jin labaran Daudu wannan ne na farko da ya zo da shaida. Inno ta sake duban mutumin da ke kwance. Daga bisani ta ce ita dai ba ta ga jirgi ba, amma in Tasalla ta ji ta gani, ita ba za ta hana ta ɗaukar wa kanta kaya ba. Ta ƙara da cewa kada ya kuskura ya sake zuwa kusa da ragunan.

Daudu ya buɗe ido ɗaya. Ya tashi zaune, ya gyara wuyan kakinsa, ya yi gyaran murya. Launi ya fara dawo masa. Ya ce wato abin da jama'a ba su lura ba shi ne, a lokacin da ya tura tulun, akwai wani kada a ƙarƙashinsa, tsawonsa ya kai daga nan zuwa...

"Kofur," in ji Tasalla.

"Na'am."

"Wannan labarin ka bar mini shi, ni zan riƙa bayarwa. Kai in ka taɓa shi ɓata shi za ka yi."

Daudu ya buɗe baki, ya dube ta, ya mayar ya rufe. Ya yi shirun kuwa, mutanen garin suka shaida, har kusan la'asar.